Tarun Da Aka Bar Wa Finlay

Ardvaig,
14 ga Yuli, 1986

Tormod,

Gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, a duk tashar jirgin ruwan da kamfaninku ya ga damar miƙa maka ita. Mu nan lafiya. Mama tana fama da gwiwarta, mantuwar kuma ta ƙaru: shekaranjiya ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga kiwo, mutumin da ya shekara sha ɗaya a ƙasa. An gama yi wa tumaki aski, har da naka guda tara da ba ka taɓa tambayar lafiyarsu ba.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ranar Alhamis da asuba masu gadin kogi suka kama ɗanka Finlay a ƙarƙashin gada, da taru a hannu da kifi shida a buhu. Kada ka yi dariya tukuna. A wajen kamun an ture ɗaya daga cikin masu gadin, ya faɗa kan duwatsu, hannunsa ya karye wuri biyu, kansa ya fashe. Finlay ya gaya wa 'yan sanda shi kaɗai ne, kuma shi ya yi turin. Yaron da bai cika sha biyar ba, wai shi ya ja taru mai gaba arba'in shi ɗaya, ya kuma kayar da ƙato.

Takardarsa ta je teburin Mista Geddes, jami'in da ke tace ƙarar yara, shi kuma ya ce a kai gaban kwamiti. Karo na uku ke nan da sunan Finlay ya hau teburin nan: bara taru, da hunturu tagogin rumfar masu gadi, yanzu wannan. Biyun farko an yi masa faɗa an sallame shi. A na uku, ga kuma rauni, kwamiti na iya ɗauke shi daga tsibirin nan ya kai shi makarantar horo a ƙetare.

Ka san shekara shida ke nan ina zama a kwamitin yara. Na riga na rubuta musu cewa na janye daga wannan zama, tunda ɗan ƙanena ne. Za a kawo wasu daga tsibirin maƙwabta. Doka ta ce uba ya zo ya zauna. An sa ranar sha biyu ga Agusta.

Yayarka,
Dolina

*

A cikin jirgi, tashar Durban,
2 ga Agusta

Dolina,

Takardarki ta iso jiya, ta kwana sha takwas a hanya. Ina lafiya, ban da zafin ɗakin inji da ya busar da ni kamar bandar kifi. Ki gaishe da Mama, ki ce mata Baba yana nan tafe, tunda gaskiya ba ta yi mata amfani yanzu. Ki gaishe da tumakina tara.

Na karanta sau uku, ban ga abin tashin hankali ba sai layi ɗaya. Kifi? Yaushe kifin kogin nan ya zama na sata? Kakanmu ya ci, Baba ya ci, ke ma kin ci, har kina cewa a bar miki wajen ciki. Wani mai kuɗi da ke zuwa sati biyu a shekara ya sayi kogi, ya ɗauko 'yan gadi daga birni, shi ke nan ɗana ya zama ɓarawo. Wanda ya karye, Allah ya ba shi lafiya, amma mai bin mutane a kan duwatsu masu santsi da takalmin birni ya san abin da zai tarar.

Layin da ya hana ni cin abinci shi ne inda kika ce kin janye. Kin janye! Shekara shida kina ɗaura gyale kina hawa jirgin fito kina zuwa zama a kan 'ya'yan mutane, ranar da jininki ya zo gaban teburin sai kika tashi kika kakkaɓe riga. Ke ce ungozomar da ta karɓi haihuwar yaron nan, ke kika yanke masa cibiya, ke kika riƙe hannun uwarsa ranar da ta cika. To kujerar nan taki, amfanin me take da shi? Ta ado ce?

Kin ce in zo. Daga nan Ostareliya muka nufa, kwana ashirin a ruwa. In na sauka a tsakiyar kwantiragi ba za su sake ɗaukata ba, kuma kin sani. Ba sai na zo ba. Ki kira waɗanda za su zauna ɗin, ai tare kuke shan shayi, ki gaya musu ɗan gidan wane ne. Shi kuma Finlay ya amsa abin da ya amsa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni ma ina ɗan sha uku Baba ya danƙa mini taru ya tsallake katanga, ɗan sanda ya ja mini kunne ya kora ni gida, ban mutu ba. Dama don ba a ɗaure yaro ake barin taru a hannun yaro.

Ina Lachie a duk wannan? Ranar da zan tafi, a hannun mijinki na bar amanar yaron, a gabanki. Shi ke tuƙa su makaranta kullum, ya kamata ya san da wa Finlay yake yawo. Ki ce ya rubuto mini.

Ƙanenki,
Tormod

*

Ardvaig,
21 ga Agusta

Tormod,

Ina gaisuwa. Mama lafiya, ta ci abinci sosai yau. Takardarka ta zo bayan an yi zaman da kwana biyu, kuma na gode wa Allah da ba ta riga shi ba, don da a cikin ɗakin zan karanta musu ita su ji irin uban da yaron yake da shi.

Ka ce in kira mutane in yi musu raɗa. Bari in tuna maka. Shekara uku da suka wuce na sa hannu aka ɗauke ɗan Peigi mai kanti aka kai shi ƙetare. Na yi kuka a motar dawowa, amma na sa hannun, domin zamansa a gida halaka ne. Har yau a hannun Peigi nake sayen burodi, tana miƙo mini ba ta duban fuskata. Da wane ido zan dube ta in na bi ta bayan gida na fitar da nawa? Ba a ba ni kujerar nan don in yi wa danginmu gadi ba. Mu uku ake zaunarwa, ba alƙalai ba, ba a biyanmu, kuma abin da kawai muke da shi shi ne iyaye su yarda ba mu san kowa ba in mun shiga ɗakin nan. Kai da ke can kana ƙirga igiyar ruwa, sauƙi ne a wajenka ka ce in zubar da shi.

Na raka Mama zaman, na zauna a gefen iyali, gefen da ban taɓa zama ba. Kujerarka aka ajiye a tsakanina da Finlay. Shugabar zaman, wata malamar makaranta, ta tambaya sau biyu ko ana jiran uban. Yaron ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

Yanzu ka ji abin da shawararka ta haifa, ko da yake bai jira ta ba, jininka ne. An karanta masa laifin, aka ce ya yarda? Ya ce ya yarda. Da a ce ya musa, da dole a kai wa alƙali ya kira shaidu ya tono yadda aka yi. Da ya amsa, kowa ya huta. Mista Geddes ya rufe fayil ɗinsa har da ajiyar zuciya. Mutumin da aikinsa ke nan ya duba ko maganar tana kama hankali kafin ya kawo ta! Ko ɗan yaye ya san taru irin wannan sai hannu shida. Mai gadin da kansa ya ce ya ga inuwa uku. Yana nan a rubuce a shafi na biyu, ba wanda ya ɗaga shafin.

Sai rahoton jami'ar kula da iyali. Ta zo a jirgin safe, ta koma a na azahar, minti arba'in ta yi a gidan Mama inda yaron yake zaune. Ta yi wa Mama tambayoyi da Turanci, Mama da Turancinta ya tsiyaye tun bara, harshenmu kaɗai ya rage mata. Ta yi ta murmushi tana miƙa mata biskit. Matar ta rubuta cewa babu babba mai hankali a gidan. Na so in tashi in yi mata tatas, sai na tuna ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Finlay ne ke dafa wa Mama abinci, shi ke ɓoye ashana, shi ke nemo ta in ta fita neman Baba. Kwana talatin da ɗaya bai je makaranta ba a zangon nan. Ka san da wannan? Ni ma da nake gida huɗu daga gidan Mama rabinsa na sani, kuma ina jin kunya.

An ɗage zaman zuwa bakwai ga Oktoba, a jira amsa daga makarantar horon ko suna da gado. Abin da ya rage ke nan tsakanin ɗanka da jirgin fito.

Zamanin jan kunne ya wuce, Tormod. Baba ya yi maka abin da bai kamata ba, kai kuma ka mai da shi labarin ban dariya.

Dolina

*

Tashar Fremantle,
11 ga Satumba

Yaya,

Na samu taki, na kuma samu wata ƙarama daga Finlay a buhu ɗaya. Lafiyata ƙalau. Ki shafa mini kan Mama.

Kin wanke ni tas, na ji. Maganar makaranta da ashana ban sani ba. Amma wa zai gaya mini? Ke ce mai rubutu, kullum "Mama lafiya, an yi wa tumaki aski." Laifi tudu ne, kin take naki kin hango nawa.

Ga abin da yaron ya rubuto, layi uku: "Baba kada ka damu. Ban faɗi sunan kowa ba kuma ba zan faɗa ba. Ragon nan mai baƙin kunne ya warke." Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan yi, alfahari ko kuka. Ashe da manya a wurin. Wasu ƙattin banza sun karya hannun mutum sun bar wa yaro, suna nan suna yawo a garin nan suna zuwa coci ranar Lahadi. Barin taru daban, barin jini daban. Baba bai taɓa barin mini jini ba.

Gari ne na gida arba'in, Dolina. Akuya ba ta tari a Ardvaig ba ki ji ba. Ki nemo mini sunayen. Kada ki kai wa Geddes, kada ki kai wa ɗan sanda, ba mu yin haka. Ni za ki ba. Zan rubuta musu takardar da za ta sa su je su gyara abin da kansu, sauran kuma sai na dawo.

Abu ɗaya kuma. Kin amsa mini komai, har abin da ban tambaya ba, amma ko sunan Lachie ba ki ambata ba. Na rubuta masa daga Durban, shiru. Na san zuciyarsa ta taɓa ba shi wahala. In ciwon ne ya tashi kike ɓoye mini don kada abin ya yi mini yawa, ki faɗa. Duk faɗanmu, mutumin kirki ne, kuma ba na so ki ɗauki wannan ke kaɗai.

Tormod

*

Ardvaig,
28 ga Satumba

Tormod,

Gaisuwa. Mama na nan. Zuciyar Lachie lafiyarta lau, tana bugawa kamar ta doki.

Ka nemi sunaye. Neilie dattijon coci ne ya riƙe ɗaya bakin tarun. Lachie ne ya ture mai gadin.

Kada ka tambaye ni yaushe na gano, don ban gano ba, na sani ne tun ranar. Na tashi da safe na tarar da takalmansa a jiƙe a bayan ƙofa, da kifi guda a cikin kwano an rufe da tsumma. Kafin azahar labarin kamun ya zo. Na dafa kifin nan, Tormod. Na ci. Sati goma ina rubuto maka wa'azi a kan amanar kujera, ina zagin Geddes don bai ɗaga shafi na biyu ba, alhali shafi na biyun yana kwance a gefena yana minshari. Da ka ce mutumin kirki ne, ka ce kada in ɗauka ni kaɗai, sai na ajiye takardar na fita bayan gida na yi amai.

Ranar Laraba na tare shi yana shan shayi. Na ce, "Lachie, ranar bakwai ga watan gobe za a ɗauke yaron nan."

Ya ce, "Haba Dolina, barazana ce. Yaushe kwamitinku ya taɓa cin mutum?"

"Ni nake zama a ciki ko kai?"

"To ki yi musu magana mana, ai mutanenki ne."

"Kai ka je ka yi. Bakinka ciwo yake?"

Ya dire kofin. Ya ce, "In na je, kotu ce, kin sani. Motar makaranta ta tafi. Shekarata hamsin da takwas, wa zai ɗauke ni? Shi yaro ne, wata shida ya dawo, ya ma ga duniya."

Na ce, "Ya ga duniya."

"Ba ni na ce ya amsa ba. Da kansa ya ce, Kawu ku gudu. Ɗa ne, wallahi, ɗa ne na gaske."

"Shi ɗa ne. Kai fa mene ne?"

Ya ce ai haka aka yi masa, haka aka yi maka, haka gari ya tashi ya gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wai al'ada ce. Na ba shi zuwa Juma'a ya je da ƙafarsa. Ya yi dariya ya ce shekara talatin da ɗaya muna tare, ya san ba zan iya ba. Juma'a da safe ya ɗauki karensa ya hau tudu duba tumaki, ni kuma na hau mota zuwa ofishin Geddes.

Ka san abin da mutumin nan ya fara ce mini? Wai in yi tunani, yaron ya riga ya amsa, an kusa gamawa, sabon bayani zai dagula lissafi. Na ce masa, "Aikinka ne ya dagule. An ɗora ka a nan ne don ka tabbata yaron da ke gabanka shi ya yi abin, ba don ka rage tsawon tarin takardu ba." Ya ce sai dai in rubuta in sa hannu, kuma zai miƙa wa 'yan sanda. Ya ɗauka zan tsorata. Na ce ya ba ni biro.

Na san ka ce kada in kai. Takardarka ta gyara-da-kanku za ta iso nan bayan an ɗauke yaron da sati biyu, kuma mutumin da bai ji kunyar idon Finlay ba kullum a motar makaranta, ba tambarin Ostareliya ne zai ba shi kunya ba. An sake ɗage zaman zuwa huɗu ga Nuwamba. Na kuma ajiye kujerata a kwamiti, don wadda ta ci kifin nan ba ta da bakin yi wa uwar kowa tambaya.

Dolina

*

Tashar Kobe,
15 ga Oktoba

Dolina,

Na samu. Ina lafiya. Gaishe da Mama.

Kwana biyu ina fara takardar nan ina yagawa. Lachie! Mutumin da na rungume a bakin jirgi na ce ga ɗana nan. Ki gaya masa ya gode wa Allah da akwai teku biyu a tsakaninmu.

Amma ke ma ba ki fita ba. Sati goma kina kallon ɗana yana nutsewa kina rubuto mini darasi. Da kika tashi gyarawa kuma sai kika ɗauki gatari. 'Yan sanda, Dolina? A kan mijinki? A kan Neilie da ya ɗauki makarar Baba? Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa jin wanda ya kai sunan maƙwabcinsa a kan kogi ba, sai a gidanmu. Da kin tara dattawa, da kin je wa fasto, da kin kulle wa Lachie ƙofa har ya gaji ya je da kansa. Yanzu Mama za ta ƙarasa kwanakinta a gidan da ba mai leƙowa. Shi kuma yaron ya riƙe bakinsa wata uku kamar babban mutum, kin mai da shirunsa banza, kin bar shi ya zama ɗan gidan masu kai ƙara.

Na san abin da za ki ce: ni na ce ki cece shi. Na faɗa. Ban san hanyar ke nan ba.

Na je wa kyaftin da maganar sauka. Ya ce sai an samu wanda zai canje ni, wataƙila a Singafo, wataƙila bayan Kirsimeti. Ban matsa ba, gaskiya, don ban san da wace fuska zan sauka a Ardvaig yanzu ba. Ki rubuto mini yadda aka yi.

Tormod

*

Ardvaig,
6 ga Nuwamba

Tormod,

Ina gaisuwa. Mama ta yi mura ta warke. Tana gidana yanzu, a ɗakin baya.

Fuskarka kake tunani. To bari in ba ka labarin fuskoki. Lachie ya amsa a gaban alƙali, an karɓe motar makaranta, yana jiran hukunci, ya kwashe kayansa ya koma gidan ƙanwarsa. Neilie ya sauka daga dattijon coci. Ranar Lahadi ni kaɗai ce a bencinmu, na gaba da na baya duk an bar mini, ko gwiwa ba ta taɓa ni. Mutum ɗaya ce ta yi mini magana a sati shida, Peigi mai kanti. Ta miƙo burodi ta ce, "Yanzu kin ji yadda yake." Ban san ko zagi ne ko jaje ba, na karɓa na ce na gode.

Dattawan da kake cewa in tara, wata uku suna sane. Fasto ma yana sane. Ba wanda ya taka ƙofar Mama ya ce yaron nan fa? Wannan ne garin da kake jin kunyarsa.

Shekaranjiya aka yi zaman. An cire maganar turin daga kansa, saura tarun da rashin zuwa makaranta. A wannan karon an turo wata jami'ar, mai jin harshenmu, ta kwana biyu a garin, ta zauna da Mama har ta sa ta waƙa. Ashe ana iyawa. Malamar da ke shugabanta ta yi abin da ya kamata a yi tun Agusta: ta ture takardun gefe, ta juya kujerarta ta fuskanci yaron, ta yi masa magana kamar mutum. Shekara shida ina zama a teburin nan, ban tabbata na taɓa yin haka ba.

Ba za a kai shi ƙetare ba. Zai zauna a gidana ƙarƙashin kulawar jami'ar, ya koma makaranta, a sake dubawa bayan wata uku. Sun rubuta cewa a zama na gaba suna son ganin uban da idonsu, in ba haka ba za su sake buɗe maganar wurin zamansa, domin ni shekarata sittin, ga Mama, ga gidan da na rusa da hannuna.

Yana nan a ɗakin sama. Yana cin abin da na dafa, yana wanke kwanonsa, yana yi wa Mama hira. Ni ba ya yi mini magana. Tun ranar da 'yan sanda suka zo suka tafi da Lachie bai ce mini ko sannu ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Kana alfahari ya riƙe baki kamar babban mutum, kamar yadda gari ya koya masa. Ni ma haka na ɗauka. Malamar ta tambaye shi, "Finlay, ka san za a iya ɗauke ka daga gida, me ya sa ka ɗauki abin da ba naka ba?"  Sai ya ce, "Na duba ne. In an tafi da Kawu, Gwaggo ta rasa miji. In an tafi da Neilie, yana da jikoki. Ni in an tafi da ni, Gwaggo za ta ɗauki Kaka, shi ke nan, ba wanda ya rasa komai."

 Ya faɗe shi ne ba kuka ba fushi, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. Shekararsa sha biyar, ya zauna ya auna mutanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga shi ne wanda za a iya yi ba shi. Kai ko cikin awon bai sa ka ba.

Ban rubuto don ka yafe mini ba, ni ma ban yafe maka ba, ban kuma yafe wa kaina ba. Ka koma wajen kyaftin ɗinka, ka matsa. An sa zaman ranar uku ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe. Ka zo da kowace fuska ka samu.

Yayarka,
Dolina